Rarar kuɗi a asusun wuta da gas a Birtaniya: a bar su a can ko a karɓo?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ta yawaita a makon nan, na ga gara a baje ta a faifai. Mutum yana biyan kuɗin wuta da gas ta dairek debit, wato kamfani na cirar adadi ɗaya daga bankinsa duk wata. Ya buɗe manhaja a watan Mayu, ya tarar an rubuta yana da rarar fam 740, alhali fam 150 ake cira a wata. Ya bar su don hunturu mai zuwa, ko ya nemi a maido masa? Masana, bismilla.

Akanta na Birmingham: Wa alaikumus salam. Fam 740 a watan Mayu sun yi yawa ƙwarai. Mayu shi ne lokacin da asusu ya kamata ya kusa komawa sifili, don an gama cinye abin da aka tara. Ga misali da gidan da ke kashe fam 1,800 a shekara. Ana cirar 150 duk wata, amma gidan ba 150 yake sha duk wata ba. A Yuli da Agusta, da boila ba ta aiki sai don ruwan wanka, sai ya sha kamar 80. A Janairu ya kai 240. Idan aka fara da sifili ran 1 ga Mayu, rara za ta riƙa hawa: 40, 105, 175, 245, 295, zuwa ƙarshen Oktoba ta tsaya a 300. Daga Nuwamba ta fara zaizayewa, ƙarshen Janairu saura 95, a Maris ta ƙare. To kun gani, ƙololuwarta kuɗin wata biyu ne, kuma a bakin hunturu ake kai wa can. Mai 740 a Mayu kuwa yana da kusan kuɗin wata biyar a lokacin da bai kamata ya wuce na wata ɗaya ba. Ɗayan biyu ne: ko ana cirar fiye da abin da yake sha, ko lambar da yake gani ta bogi ce.

Baba na Peckham: Malam Akanta, ban musa lissafinka ba, amma ku yaran zamani kuna mantawa da halin ɗan Adam. Kuɗin da ke hannu yana da ƙafa. A maido wa magidanci fam 600 yau, kafin Sallah an aika rabi gida, an yi wa yara ɗinki da sauran. Disamba ta zo da sanyinta, sai kamfani ya ɗaga masa zuwa 220, ya rasa inda zai sa kansa. Wanda ya bar rararsa a can kamar mai zubin adashi ne, ya san ranar kwasa. Kuma doka ta kare kuɗin ko kamfanin ya rushe. To ina asarar?

Injiniyan Gas na Bradford: Baba, kafin a kai ga kwasar adashin a tabbatar akwai kuɗi a tukunyar. Abin da Malam Akanta ya faɗa a ƙarshe shi ne babba. Ku buɗe bil ɗin ƙarshe, ku dubi harafin da ke gefen karatun mita. Idan E ne, ƙiyasi ne, kamfani ya yi hasashe kawai. Idan A ne ko C ko S, an karanta da gaske, ko kai ka aika, ko simat mita ta aika. Rarar da aka gina a kan E ba rara ba ce tukuna.

Abubuwan da ke haifar da rarar ƙarya, ga waɗanda aka fi gani. Simat mita ta daina aika karatu, musamman tsofaffin samfurin SMETS1 bayan an sauya kamfani, mai gida kuma yana kallon ɗan allon nan na kan teburin kicin yana zaton komai lafiya. Wannan allon ba shi ne mita ba, yana iya nuna maka lamba alhali kamfani bai samu komai ba tsawon wata takwas. Sai kuma kamfanin da ke fitar da bil duk wata uku: kuɗinka na shiga duk wata, ba a cire abin da ka sha ba tukuna, sai ka ga 450 ta taru, ranar da bil ya fito ta ɓace.

Na uku ya fi muni, shi ne rikita nau'in mitar gas. Sabuwar mita tana auno da m³, wato kubik mita, yawanci lamba biyar kafin ɗigo. Tsohuwa tana auno da ft³, wato kubik ƙafa, lamba huɗu, kuma yunit ɗinta ɗaya ya kai 2.83 na sabuwar. Yadda ake mayar da m³ zuwa kWh, ma'aunin da ake cajin wuta da gas da shi: a ninka da 1.02264, a ninka da ƙarfin zafin gas ɗin da aka rubuta a bil, wajen 39.5, a raba da 3.6. Yunit 100 zai ba ka kusan kWh 1,122. Idan mitarka tsohuwa ce kamfani yana lissafa ta a matsayin sabuwa, kashi ɗaya cikin uku kawai ake cajinka, rara ta yi ta kumbura, ranar da aka gano bashi ne zai fito. Idan akasin haka ne, kana biyan ninki kusan uku. Ku gwada lambar da aka buga a jikin mita da wadda ke kan bil, musamman masu zama a benen da aka jera mitoci goma a ɗaki ɗaya. Ana yawan haɗa mutum da mitar maƙwabcinsa.

Ɗalibar Coventry: Yaya Injiniya, to idan laifin kamfani ne, dole mutum ya biya bashin duka?

Lauyan Zaure: A'a ƙanwata. Tun 2018 ƙa'idar Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin makamashi a Ingila da Scotland da Wales, ta hana kamfani neman kuɗin abin da aka sha fiye da wata 12 baya idan shi ne bai kawo bil daidai ba. Amma wata 12 ɗin nan za ki biya, kuma idan ke kika hana su shiga karanta mita, kariyar ta faɗi. Bashin gas na shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta riga ta karɓe rarar ta kashe. Shi ya sa tsarin shi ne karatu tukuna, sannan neman kuɗi.

Sai in koma ga Baba. Ranka ya daɗe, gaskiya ne doka ta kare rarar gidaje idan kamfani ya durƙushe. Ofgem na naɗa wani kamfani ya ɗauki kwastomomin, wuta ba ta yankewa, sabon kamfanin kuma shi zai biya rarar. Amma a dubi yadda abin ya kasance da aka gwada shi da gaske. Daga Yulin 2021 zuwa Mayun 2022, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni 29 suka faɗi, abin ya shafi gidaje kusan miliyan 4. Avro mai kwastomomi wajen 580,000 ya faɗi a Satumban 2021, aka miƙa su ga Octopus. Bulb ya yi girman da ba a iya miƙa shi haka nan ba, sai da gwamnati ta riƙe shi daga Nuwamban 2021 har Octopus ya karɓe shi a Disamban 2022. Mutane sun samu kuɗinsu, amma da yawa sai da suka yi watanni, domin sabon kamfani ba ya biyan komai sai masu kula da gawar tsohon sun fitar da bil na ƙarshe sun aiko da bayanai. A tsakanin nan kana biyan sabon kamfani daga aljihu, a tsakiyar hunturu, fam 700 ɗinka na rataye. Adashin da uwar adashi ta ɓace ranar kwasa aka ce ka jira magada su gama lissafi, ai ba ka ce ba ka yi asara ba.

Akanta na Birmingham: Kuma kariyar ba daga sama take faɗowa ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnati, NAO, ya ruwaito ƙiyasin Ofgem cewa faɗuwar kamfanonin nan, ban da Bulb, ta ci fam biliyan 2.7, wajen fam 94 a kan kowane gida. A bil ɗin kowa aka zuba shi, har da wanda bai taɓa barin babban kamfani ba.

Lauyan Zaure: Haka ne, amma a yi adalci: mafi yawan biliyan 2.7 ɗin kuɗin sayo wa sababbin kwastomomi gas da wuta ne a kasuwa mai tsada. Maido da rara kaso ne ƙarami a ciki. Inda rarar ta yi ɓarna shi ne tun farko. Binciken da kamfanin nazarin tattalin arziki Oxera ya yi wa Ofgem a 2022 ya nuna wasu ƙananan kamfanoni sun shigo kasuwa kusan ba jarin kansu, suna juya kuɗin da kwastomomi suka biya a gaba. Idan an ci riba tasu ce, idan an faɗi jama'a su biya. Daga baya aka tsaurara, aka sa musu mafi ƙarancin jarin da za su riƙe, Ofgem kuma ta samu ikon umartar kamfani ya keɓe rarar mutane. Sai dai ba a wajabta wa kowane kamfani keɓe ta gaba ɗaya ba. Don haka kada a ɗauka akwai wani akwati da aka rubuta sunanka a kai.

Hajiya Maman Yara ta Leeds: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya shafi mutanenmu kai-tsaye. Kariyar nan da ake ta faɗa ta gidajen zama ce. Asusun kasuwanci ba ya cikinta. Mai shagon kayan abinci, mai ɗinki, mai gidan abinci, har masallaci da makarantar Islamiyya da ke haya a wani gini, galibi a kan kwangilar kasuwanci suke. Idan kamfaninsu ya faɗi za a ba su sabo, wuta ba za ta ɗauke ba, amma ba a lamunce musu rarar ba. Sai dai su shiga layin masu bin bashi wurin masu kula da kamfanin da ya rushe, a ba su abin da ya samu. Ma'ajin masallaci da ya bar fam 2,000 na sadakar jama'a a irin wannan asusu don kada a ji kunya a hunturu, da niyya mai kyau ya yi, amma ya ajiye amana a inda ba ta da mai gadi. Kwamitoci su duba wannan.

Haka masu zama a benen da ake dumama shi daga tukunya ɗaya ta ginin gaba ɗaya, da wanda kuɗin wutarsa ke cikin kuɗin haya. Idan asusun da sunan mai gida yake, rarar tasa ce a idon kamfani, ko da kai ka biya.

Baba na Peckham: Hajiya, wannan na masallaci na karɓa, ban san da shi ba. Amma har yanzu ba a ba ni amsar magidancin da kuɗi ba ya zama a hannunsa ba.

Akanta na Birmingham: Baba, amsarsa asusu na biyu a banki, wanda ba shi da kati, a sa masa suna "hunturu". Kuɗin na nan a killace, amma ranar da mota ta lalace ko aka kira daga gida ba sai ka roƙi kowa ba. Kuma ga wata asara da ba a gani. Rarar da ke wurin kamfani fam ce, ba wuta ba ce. Ba ka sayi kWh ko ɗaya da ita ba. A Afrilun 2022 aka ɗaga iyakar farashin wuta da gas da Ofgem ke sa wa kamfanoni da kashi 54 cikin ɗari, daga fam 1,277 zuwa 1,971 a shekara ga matsakaicin gida. Wanda ya kwana da rarar 700 ya wayi gari tana sayen abin da 455 ke saye jiya. A Oktoban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 11.1. Yawancin kamfanoni ba sa ƙara maka ko kwabo a kan abin da suka riƙe. Wanda ke da bashin katin banki ko ya zarce abin da ke asusunsa ana cajinsa, alhali yana da ɗaruruwa kwance a kamfanin wuta, shi ya fi kowa cutuwa.

Baba na Peckham: In dai maganar a kai banki don a ci kuɗin ruwa ce, a bar ta.

Akanta na Birmingham: Ba sai da ruwa ba Baba. Asusun da ba ya ba da komai ma ya wadatar, tunda manufar ita ce kuɗin ya kasance a hannunka. Mai son ƙari ta hanyar da hankalinsa zai kwanta, akwai Al Rayan da Gatehouse, bankunan Musulunci ne a ƙasar nan.

Na Kano: Ina bin ku daga gida. Abin ya ba ni mamaki, mu nan wanda ya loda yunit da yawa shi ya ci riba. Da aka kai 'yan Band A naira 225 a Afrilun 2024, wanda ke da yunit a mita bai ji komai ba sai da suka ƙare.

Injiniyan Gas na Bradford: Daidai ne, don ku kWh kuke saye, mita na riƙe da yunit. Nan fam ake riƙewa, har a mitar kati ta nan kuɗi ne a ciki ba yunit ba. Amma ku ma da naku haɗarin. Yunit ɗin a jikin mita yake, in ta ƙone ko ɗan haya ya tashi sai an sha fama. Kuma lokacin sauya lambobin mitoci kafin 24 ga Nuwamban 2024, an yi ta gargaɗin a loda duk tsohon token kafin a shigar da lambobin sauyin, domin bayan nan mita ba za ta karɓe shi ba.

Ɗalibar Coventry: To mu ɗalibai da za mu gama mu koma gida a Satumba, yaya za mu yi? Daidai lokacin da rara ta taru ke nan.

Lauyan Zaure: Ku ne ma kuka fi kowa shiga tarkon, don kun biya kuɗin hunturun da ba za ku zauna ba. Nan kuɗi ya fi ɓacewa, ba a faɗuwar kamfani ba. A 2014 Ofgem ta gano manyan kamfanoni shida na riƙe da sama da fam miliyan 400 na asusun da aka rufe. Mutum ya tashi, an aika ceki tsohon adireshi, shi ke nan.

Ga yadda za ki yi. Tun a Yuni ki aika karatun mita, ki gaya musu ranar tashinki, ki nemi a rage abin da ake cira ko a mayar da ke biyan abin da kika sha duk wata. Ranar miƙa makulli ki ɗauki hoton mitoci biyu, lambar jikin mita ta fito a hoton, ki aika a ranar. Doka ta ba kamfani mako shida ya fitar da bil na ƙarshe, sannan kwanakin aiki 10 ya maido rarar. In ya saɓa ɗaya daga ciki akwai diyya da ya kamata ta zo ba tare da an nema ba, da fam 30 ce, aka ɗaga ta zuwa 40 a farkon 2025. Haɗa lissafin za ki ga wata biyu ne. Saboda haka kada ki rufe asusun bankinki na nan kafin kuɗin ya shigo, kuma kada ki soke dairek debit da kanki, domin ta wannan hanyar suke maidowa. Kin soke, sai su koma ceki, cekin fam kuwa a Kaduna ko Zariya takarda ce kawai. Ki bar musu imel ɗin da ba na jami'a ba, na jami'a rufe shi ake yi. In ku huɗu ne a gida kuma sunan mutum ɗaya ne a asusun, ku rubuta yadda za a raba tun kuna ganin juna.

Hajiya Maman Yara ta Leeds: A ƙara da maganar rasuwa, Allah ya sa mu cika da imani. Idan sunan maigida kaɗai ke kan asusu, kamfani ba zai saki rarar ga uwargida haka kawai ba, sai an kai takardar shaidar rasuwa, wani lokaci da ta wanda ke kula da gado. Kuɗin ya shiga dukiyar magada, kuma sau da yawa ba wanda ya san da shi. Sa suna biyu a asusu kiran waya ɗaya ne.

Mai Kula da Zaure: Amin Hajiya. To a dawo kan mai 740. Me zai yi gobe da safe?

Akanta na Birmingham: Ya karanta mitoci ya aika, ya jira sabon bil ya fito, kwana biyu zuwa mako. Abin da ya rage bayan nan shi ne rarar gaske. Sai ya ɗauki kWh da ya sha a wata 12 da suka wuce, yana kan bil, ya ninka da farashin yunit na yanzu, wuta daban gas daban, ya ƙara kuɗin tsaye na kullum sau 365 ga kowace mita, ya raba da 12. Don gwaji, a ƙiyasinta na 2023 Ofgem ta ɗauki matsakaicin gida a kWh 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara. Idan lissafinsa ya ba shi 120 ana cirar 150, ya gano inda rarar ke fitowa. Ya bar na wata ɗaya, ya nemi sauran, kuma ya nemi a rage cirar. Wannan na biyun ake mantawa, sai baɗi a sake tarar da tulin.

Amma fa wannan shawarar Mayu ce. Wanda ya ga 300 a Oktoba ya kwashe, shi Baba ke magana a kansa, kuma Baba na da gaskiya. Ka kwashe, kamfani ya sake lissafi, ya ɗaga maka cirar. Haka wanda aka yi wa haihuwa, ko tsohuwa ta zo daga gida za ta yi hunturu, hita ba za ta huta ba, ya bar fiye da haka.

Ɗalibar Coventry: In suka ƙi fa?

Lauyan Zaure: Sharaɗin lasisinsu ya ce su maido da wuri idan an nema, sai in suna da dalili mai ma'ana, kuma dole su faɗe shi. Rashin karatun mita na kwanan nan dalili ne karɓaɓɓe, haka kusantowar hunturu. "Tsarinmu ne" ba dalili ba ne. Ki nema a rubuce, ta imel ko ta manhaja, ki ajiye hoton hirar. In ba su yi ba ki ce kina shigar da ƙorafi a hukumance, ki karɓi lambar ƙorafin, daga ranar agogo ya fara. Bayan mako takwas, ko da zarar sun ba ki takardar cewa sun kai maƙura, ki kai wa Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastoma da kamfanin makamashi. Kyauta ne, kuma hukuncinsa na hawa kan kamfani in kin amince da shi. Ƙungiyar ba da shawara kyauta ta Citizens Advice na taimakawa wajen rubuta ƙorafin. Idan kuma matsalar ita ce sun ciri fiye da abin da suka sanar, ko sun sauya adadi ba sanarwa, wadda yawanci kwanakin aiki 10 ce, wannan banki za ki kira ba kamfani ba, ƙa'idar dairek debit ta wajabta wa banki ya maido nan take. Sai dai abin da kika sha yana nan a kanki.

Injiniyan Gas na Bradford: Ƙaramin abu ga kowa: duk wata uku ku sauke bil ɗinku ku ajiye a waya, tare da hoton shafin da ke nuna rarar. Ranar da kamfani ya faɗi, manhajarsa na iya rufewa, kuma abin da sabon kamfani zai tambaya ke nan in lambarsu ta saɓa da taku. Masu mitar Economy 7, karatu biyu ne, na rana da na dare, ku rubuta wanne ne wanne kafin ku aika.

Baba na Peckham: To na ji. Na wata ɗaya a Mayu, na wata biyu a Oktoba. Malam Injiniya, ɗakin mitocin benenmu a kulle yake, makullin na hannun masu kula da ginin. Wa ake nema?

Injiniyan Gas na Bradford: Su za ka nema Baba, a rubuce, ka ce karatun mita za ka ɗauka. Ka tafi da bil a hannu don gwada lambar jikin mita, da tocila, don ɗakunan nan ba su cika samun fitila ba. Idan ana shakkar wacce ce taka, a sa yaro a sama ya kunna butar lantarki da tanda lokaci ɗaya, ka ga wacce jar fitilarta ta fara ƙiftawa da sauri.